Me ake nufi da 'cross-carpeting', kuma wa ya kamata a jingina wa kalmar?

A cikin shekaru uku kacal, kujerar mazaɓar Ƙaraye da Rogo ta jihar Kano a Majalisar Wakilan Najeriya ta bar wata jam'iyya ta koma wata har sau biyu, ba tare da an buɗe rumfar zaɓe ko ɗaya ba.

A shekarar 2022, Haruna Isa Dederi, wanda aka zaɓa a 2019 a ƙarƙashin tutar APC, ya fice daga jam'iyyar ya shiga NNPP yana riƙe da kujerar.

Da aka zo zaɓen 2023, mutanen mazaɓar sun bai wa NNPP rinjaye, Abdullahi Sani Rogo ya tafi Abuja. A shekarar 2025 kuma sai aka karanta wasiƙarsa a zauren majalisar, inda ya bayyana cewa ya koma APC.

A irin wannan hali, gidajen rediyon da ke watsa shirye-shirye da Hausa kan ce an sauya sheƙa. Jaridun da ke fitowa da Turanci a Legas da Abuja kuwa, kalmar da ta fi zama a bakinsu ita ce 'cross-carpeting', wato tsallaka kafet ko darduma.

Kalmar ta daɗe tana jawo gardama tsakanin malaman Turanci da ɗalibai da ma'aikatan jarida. Wasu na cewa gurɓataccen Turanci ne da bai kamata mai ilimi ya rubuta ba, wasu na cewa ai kowa na fahimtar ta, don haka magana ta ƙare.

Sai dai wannan gardama ta rufe wata tambayar da ta fi ta muhimmanci, wato shin kowane ɗan siyasa da ya bar jam'iyyarsa ne za a ce ya tsallaka?

Amsar ita ce a'a, kuma bambancin da ke tsakani shi ne dai wanda kundin tsarin mulkin Najeriya ya yi la'akari da shi.

Asalin maganar

Abin da Turawan Ingila ke cewa shi ne 'to cross the floor', kuma maganar ta samo asali ne daga yadda aka tsara zauren majalisar dokokin Birtaniya da ke Westminster.

Zaure ne mai tsawo, an jera kujeru sahu-sahu a ɓangarori biyu suna fuskantar juna. Jam'iyyar da ke mulki kan zauna a hannun daman kakakin majalisa, 'yan adawa kuma a hagunsa.

Filin da ya rage a tsakani shi ake kira 'the floor'. Ba daɓen ɗaki kawai kalmar ke nufi a nan ba, tana nufin tsakar zauren da ta raba masu mulki da masu hamayya.

Saboda haka idan ɗan majalisa ya raba gari da jam'iyyarsa, ba zai ci gaba da zama a inda yake ba. Dole ya je ɗaya ɓangaren ya nemi wuri, ya zauna yana kallon idon mutanen da jiya yake kafaɗa da kafaɗa da su.

Mutumin da aka fi tunawa da shi a wannan fage shi ne Winston Churchill. Ranar 31 ga watan Mayun 1904 ya bar ɓangaren jam'iyyar Conservative ya koma na Liberal, saboda saɓanin da ya taso a kan sanya haraji ga kayayyakin da ake shigowa da su. Bayan kimanin shekara ashirin sai ya sake komawa gidansa na farko.

Lokacin da jiragen yaƙin Jamus suka rusa zauren a watan Mayun 1941, an yi shawarar yadda za a sake gina shi. Akwai masu ganin a mayar da shi kamar rabin da'ira, irin na majalisun ƙasashe da dama.

Churchill, wanda a lokacin shi ne firayim minista, ya tsaya kai da fata a muhawarar da aka yi a watan Oktoban 1943 cewa a mayar da zauren yadda yake.

Hujjarsa ita ce, a zaure mai kama da da'ira mutum na iya gusawa sannu a hankali daga wannan ra'ayi zuwa wancan ba wanda ya lura, amma tsallaka tsakar zaure abu ne da sai mutum ya yi dogon tunani kafin ya aikata. Ya kuma tuna wa 'yan majalisar cewa shi ya san haka, domin sau biyu ya taɓa yi.

Wannan shi ne nauyin da ke cikin kalmar tun asali. Aiki ne da ake yi a gaban jama'a, kuma wanda ya yi shi ya san zai sha kallo.

Yadda 'floor' ta koma 'carpet'

Najeriya ta gaji tsarin majalisa irin na Birtaniya, ta kuma yi aiki da shi har zuwa juyin mulkin watan Janairun 1966. Tare da tsarin aka gaji kalmominsa, amma a Afirka ta Yamma, musamman Najeriya da Ghana, sai kafet ya maye gurbin 'floor' a bakin jama'a.

Ba abin mamaki ba ne. Wanda ya leƙa zauren majalisa, abin da idonsa zai gani a shimfiɗe tsakanin ɓangarorin biyu shi ne kafet.

Duk lokacin da aka tayar da zancen tarihin kalmar a Najeriya, sai an koma Ibadan.

Bayan zaɓen 1951 da aka yi a ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson, jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe ta yi imanin cewa ita ce ke da rinjaye a majalisar dokokin Jihar Yamma. Da majalisar ta zauna a farkon 1952, sai ga shi jam'iyyar Action Group ta Cif Obafemi Awolowo ce ke da mafi yawan kujeru.

Magoya bayan NCNC sun ce cin amana ne, an janye musu mutane an tsallakar da su saboda kada ɗan ƙabilar Ibo ya shugabanci ƙasar Yarabawa.

Magoya bayan Action Group kuwa sun ce ba wanda ya tsallaka, domin yawancin mutanen da ake magana a kansu sun ci zaɓe ne a ƙarƙashin ƙananan ƙungiyoyin garuruwansu, irin su Ibadan People's Party, kuma suna da 'yancin zaɓar inda za su jingina.

Har yau masana tarihi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne, Azikiwe ya zama jagoran adawa a Ibadan, daga baya ya koma Jihar Gabas inda ya zama firimiya a 1954, kuma tun daga lokacin kalmar ta samu gindin zama a siyasar ƙasar.

Abin lura shi ne, ko a wannan gardama ta farko, abin da ake jayayya a kai shi ne ko mutanen sun ci zaɓe da sunan wata jam'iyya sannan suka kai kujerar wata. Idan ba haka ba ne, to babu tsallakawa.

Ƙamus ya karɓa

Masu cewa kalmar ba Turanci ba ce, hujjarsu ta yi rauni tun daga farkon shekarar 2025, lokacin da aka bayyana cewa babban ƙamus ɗin nan na Oxford English Dictionary ya shigar da 'cross-carpet' da 'cross-carpeting' cikin jerin wasu kalmomi na Turancin Najeriya, tare da irin su 'japa' da 'suya' da 'agbero'.

Shekaru biyar kafin nan, a watan Janairun 2020, ƙamus ɗin ya karɓi wasu kalmomin 29 daga Najeriya, ciki har da 'Kannywood' da 'okada'.

To amma shigar kalma ƙamus ba ya nufin duk mai jin Turanci a duniya ya san ta. Aikin ƙamus irin na Oxford shi ne ya adana abin da mutane ke faɗi, ya kuma nuna inda ake faɗinsa.

Mutumin Landan ko na Washington da bai taɓa karanta jaridun Najeriya ba, idan ya ji an ce wani ya 'cross-carpet', mai yiwuwa ya ɗauka maganar shimfiɗar ɗaki ake yi. Dama kuma a Turancin Ingila, idan aka yi amfani da 'carpet' a matsayin aikatau, ana nufin babba ya kira na ƙasa da shi ya yi masa faɗa.

Don haka mai rubuta wa 'yan Najeriya ko 'yan Ghana ba shi da laifi idan ya yi amfani da kalmar. Wanda kuwa ke rubuta takardar da za ta fita waje, ko ɗalibin da ba ya son jayayya da mai duba jarrabawa, abin da ya fi masa kwanciyar hankali shi ne 'cross the floor', ko kuma 'defect'.

Akwai kuma kurakuran da ake yawan gani ko a manyan jaridu.

Idan abin ya riga ya faru, ana cewa 'he crossed the floor' ko 'he crossed the carpet' ko 'he cross-carpeted'. Ba a cewa 'he crossed carpeted', domin an sanya alamar shuɗaɗɗen lokaci sau biyu ke nan. Ba a kuma yar da 'the' a ce 'he crossed floor'.

Sunan aikin shi ne 'cross-carpeting' ko 'floor-crossing', kuma ana bin sa da 'from' da 'to' don nuna inda aka baro da inda aka nufa.

Ita kuwa 'defect' tana da fuska biyu. Idan aka ƙarfafa gaɓarta ta farko wajen furuci, suna ce mai nufin aibi ko naƙasa a jikin kaya. Aikatau mai nufin ficewa daga jam'iyya ko ƙasa zuwa ɓangaren abokan hamayya, a gaɓa ta biyu ake ƙarfafa ta.

Sai kuma 'decamp', wadda 'yan siyasar Najeriya ke ƙauna ƙwarai. A asalinta tana nufin sojoji su kwashe tantuna su bar sansani, daga nan ta koma nufin mutum ya sulale ya bar wuri ba zato ba tsammani, sau da yawa da abin da ba nasa ba. Ɗan siyasar da ke alfahari a gaban baƙi cewa ya 'decamp', da ya san yadda kunnensu ke jin kalmar da ya nemi wata.

Ko a tsakanin ƙasashen da Turanci ne harshensu, ma'anar ba ɗaya ba ce. A Ostareliya, 'crossing the floor' na nufin ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'a saɓanin matsayin jam'iyyarsa a kan wani ƙuduri, ko da bai bar ta ba. A Amurka kuma ana maganar 'the aisle' ne, wato hanyar da ta raba kujerun jam'iyyun biyu, kuma wanda aka ce ya miƙa hannu ƙetaren hanyar, yabonsa ake yi cewa yana iya aiki da abokan hamayya.

Wa ya tsallaka, wa bai tsallaka ba?

Kuskuren da ya fi kowanne girma ba na nahawu ba ne, na ma'ana ne.

Tun da maganar ta fito ne daga zauren majalisa, wanda ya cancanci a ce ya tsallaka shi ne zaɓaɓɓen ɗan majalisa mai ci, wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya koma wata, bai kuma ajiye kujerar ba.

Shugaban jam'iyya na mazaɓa a Rogo da ya tara magoya bayansa suka ƙona tsofaffin katunansu, ya bar jam'iyya, amma bai tsallaka komai ba. Haka ɗan takarar da ya faɗi zaɓen fid da gwani ya tafi neman tikiti a wani wuri. Waɗannan ba su ɗauki komai sun tafi da shi ba sai kansu da masu binsu.

Gwamna ma, a tsantsar ma'anar kalmar, ba ya tsallakawa, domin ba shi da kujera a zauren majalisa.

Jihar Kano ta ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Bayan jam'iyyar PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya koma NPP a 1983. Ya ajiye muƙaminsa, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin, shi kuma ya shiga zaɓe a sabuwar jam'iyyar ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo na PRP.

A watan Nuwamban 2013 Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP ya shiga APC tare da wasu gwamnoni huɗu, bai kuma sauka ba. A watan Janairun 2026 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya bar NNPP ya koma APC.

Duk waɗannan 'defection' ne a Turance. Jaridu kan kira su 'cross-carpeting', kuma yawan amfani ya sa kunne ya saba, amma yin hakan na ɓatar da wani bambanci da doka ta ɗauka da muhimmanci.

Abin da ya faru da kujerar Ƙaraye da Rogo a 2022 da 2025 kuwa, shi ne ainihin abin da kalmar ke nufi, duk da cewa a Abuja ba a yin tattakin da Churchill ya yi magana a kai.

Tun 1979 Najeriya ta koma tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko irin na Amurka, kuma zauren Majalisar Wakilai mai kujeru 360 an gina shi ne kamar rabin da'ira, kowa na fuskantar kakakin majalisa. Mai sauya jam'iyya wasiƙa yake rubutawa, kakaki ya karanta, sababbin abokai su yi tafi, tsofaffi su tashi su yi ƙorafi, a wuce zuwa batu na gaba.

Abin da kundin tsarin mulki ya ce

Sashe na 68, ƙaramin sashe na 1, sakin layi na (g) na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa ɗan Majalisar Dattawa ko ta Wakilai zai rasa kujerarsa idan ya shiga wata jam'iyya kafin ƙarewar wa'adin majalisar da aka zaɓe shi a cikinta. Sashe na 109 ya yi irin wannan tanadi ga 'yan majalisun jihohi.

Dalilin a fili yake. A Najeriya ba a tsayawa takara sai jam'iyya ta tsayar da mutum, kuma abin da mai zaɓe ke gani a takardar ƙuri'a shi ne sunan jam'iyya da alamarta.

Manomin rake a Rogo ko masunci a bakin madatsar ruwan Challawa da ke Ƙaraye, lokacin da ya shiga rumfa a 2019, tsintsiya ko lema ya dangwala wa yatsa. A 2023 kuma mafi yawa sun dangwala wa kwandon kayan marmari, alamar NNPP a wancan zaɓe.

Babu irin wannan tanadi a kan shugaban ƙasa ko gwamna ko mataimakansu. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2007, lokacin da ta ce Atiku Abubakar bai rasa muƙamin mataimakin shugaban ƙasa ba don ya bar PDP ya koma AC.

A 2022 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce Gwamna David Umahi na Ebonyi ya sauka saboda ya koma APC daga PDP, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

To idan doka ta ce ɗan majalisa zai rasa kujera, me ya sa ba a cika ganin hakan ba?

Amsar na cikin togaciyar da sashen ya yi. Ɗan majalisa ba zai rasa kujerarsa ba idan ficewar tasa ta biyo bayan rabuwar kai a jam'iyyarsa, ko haɗewarta da wata.

Wannan ne ya sa da wuya a karanta wasiƙar sauya sheƙa a majalisa ba a ji an ambaci rikicin cikin gida ba.

A 2015 Kotun Ƙoli ta yi ƙoƙarin tsuke wannan ƙofa, a shari'ar Ifedayo Abegunde, ɗan Majalisar Wakilai daga Akure a jihar Ondo, wanda ya bar jam'iyyar Labour ya koma ACN yana kafa hujja da rikicin reshen jam'iyyar na jiharsa.

Kotun ta ce rikicin reshen jiha bai wadatar ba. Rabuwar da kundin ke nufi ita ce wadda ta shafi shugabancin jam'iyya na ƙasa, har ta hana ta gudanar da ayyukanta. Abegunde ya rasa kujerarsa, amma a lokacin wa'adin majalisar ya kusa ƙarewa.

Idan aka auna abubuwan da suka faru a Ƙaraye da Rogo da wannan ma'auni, za a ga ba iri ɗaya ba ne.

Rikicin da ya kai ga ficewar 2022 na APC reshen Kano ne. A 2021 jam'iyyar ta yi zaɓen shugabanni biyu a jihar, ɗaya na ɓangaren Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, ɗaya na ɓangaren Sanata Ibrahim Shekarau, wanda Dederi ke cikinsa. Kotun Ƙoli ta bai wa ɓangaren gwamna gaskiya a watan Mayun 2022, daga nan da yawa daga cikin waɗanda suka sha kaye suka nufi NNPP.

Rikicin NNPP kuwa ya taɓa shugabancinta na ƙasa, domin tun 2023 wani ɓangare ya ce ya kori Kwankwaso, aka kuma shiga kotuna ana jayayya a kan wane ne halattaccen shugabanci. Ban da haka, a watan Fabrairun 2025 reshen jam'iyyar na Kano ya sanar da dakatar da Abdullahi Sani Rogo tare da Sanata Kawu Sumaila da Kabiru Alhassan Rurum da Aliyu Sani Madaki, bisa zargin yi wa jam'iyya zagon ƙasa.

Ko waɗannan rigingimu sun kai matsayin da Kotun Ƙoli ta gindaya, wannan magana ce ta alƙalai. Abin da ya faru dai shi ne, a duka lokutan biyu ba a kira zaɓen cike gurbi ba.

Akwai dalili na biyu. Kundin ya ɗora wa shugaban majalisa ne alhakin aiwatar da wannan tanadi, bayan an gabatar wa majalisar da gamsasshiyar shaida. Shi kuwa shugaban majalisa, galibi ɗan jam'iyyar da ke karɓar baƙin ne.

Wani lokaci ma shi ne mai tsallakawar. Aminu Waziri Tambuwal yana kakakin Majalisar Wakilai ya bar PDP ya koma APC a watan Oktoban 2014, Bukola Saraki kuma yana shugaban Majalisar Dattawa ya bar APC ya koma PDP a watan Yulin 2018. Babu jam'iyyar da ba ta yi kuka da wannan al'ada ba ranar da ta yi asara, babu kuma wadda ba ta buga ganga ba ranar da ta samu riba.

Sheƙa da kiwo

Kowane harshe da irin hoton da ya zaɓa wa wannan ɗabi'a.

Bature ya dubi tafiyar da ake yi daga wannan sahu zuwa wancan. Bahaushe kuwa ya dubi tsuntsu ne, wanda kan bar sheƙar da ya saƙa ya koma wata idan reshe ya yi rauni ko abinci ya yi nisa.

A Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci, ana kiran abin 'nomadisme politique' ko 'transhumance politique', wato an kwatanta ɗan siyasa da makiyayin da ke bin ruwa da ciyawa daga damina zuwa rani.

Kundin tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda sojoji suka dakatar bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, ya tanadi cewa ɗan majalisar da ya fice daga jam'iyyarsa da kansa ya rasa kujera, mataimakinsa da aka zaɓe su tare ya gaje shi.

Sai dai 'sauya sheƙa', duk da daɗin da take da shi a kunne, ba ta bambance tsakanin mai kujera da marar kujera. Da kansila da gwamna da mai liƙa fosta, duk sheƙa suke sauyawa. A nan ne kalmar Turancin, idan aka yi amfani da ita a muhallinta, ta fi fayyace abin da ya faru, domin tana nuna cewa akwai ƙuri'un jama'a a cikin kayan da aka yi ƙaura da su.

Wasu ƙasashen sun gwada hanyoyi daban-daban. Indiya ta kafa dokar hana sauya sheƙa a 1985, bayan shekarun da 'yan majalisa suka riƙa kifar da gwamnatocin jihohi ta wannan hanya. Afirka ta Kudu ta halatta abin a 2002 a wasu keɓaɓɓun lokuta, ta ga bai haifar da ɗa mai ido ba, ta soke shi a 2009.

A Birtaniya, inda kalmar ta fito, babu dokar da ta tilasta wa mai tsallakawa ya sauka. Wasu ƙalilan kan yi haka don kansu, kamar Douglas Carswell, wanda a 2014 ya bar Conservative ya koma UKIP, ya ajiye kujerarsa ta Clacton, ya sake neman ta a zaɓen cike gurbi ya kuma ci.

Masu kare 'yan majalisar da ke sauya jam'iyya a Najeriya na cewa a ƙauyuka da garuruwa mutum ake zaɓa ba alama ba, kuma wakilin da ke tare da jam'iyya mai mulki a tarayya ya fi samun damar kawo wa mazaɓarsa hanya da rijiyar burtsatse da guraben aiki. Sukan ƙara da cewa wanda jam'iyyarsa ta dakatar ko ta mayar saniyar ware, ba a yi masa adalci ba idan aka ce ya zauna.

Masu suka kuma na cewa idan har mutum ake zaɓa, to hanya mafi sauƙi ta tabbatar da haka ita ce wakilin ya ajiye kujerar ya koma gaban jama'a da sabuwar alamarsa.

Ga masu zaɓen da ba su gamsu ba, kundin tsarin mulki ya ba su damar kiranye a sashe na 69, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama.

An gwada wannan hanya a kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma, amma da hukumar INEC ta fita tantance sa hannun a watan Afrilun 2018, kimanin kashi biyar cikin ɗari na masu rajista kawai aka tabbatar, maganar ta mutu a nan.

Wa'adin majalisar da aka zaɓa a 2023 zai ƙare ne a shekarar 2027.